Casio: Yadda Masu Ƙera Kalkuleta Suka Karya Farashin Agogon Hannu

A watan Nuwamban 1974, lokacin da kamfanin Casio na ƙasar Japan ya fitar da agogon hannunsa na farko, babu ko ɗaya daga cikin masu kamfanin da ya gaji sana'ar agogo. Ba a gidan maƙeran agogo suka tashi ba, ba su kuma taɓa zaman koyo a gaban wani gwani ba. Abin da suka iya shi ne na'urar lissafi, wato kalkuleta, kuma sun kai kusan shekara ashirin suna gumurzu a kasuwarta. A ganina, duk mai son gane dalilin da ya sa agogon Casio yake da araha kuma yake da ƙarko, daga nan ya kamata ya faro. Hausawa kan ce araha ba ta ado, kuma sau tari haka ne. Sai dai arahar Casio tana da asalinta daban: mutanen da suka yi shi sun ɗauki lokaci a matsayin lissafi, sun kuma riga sun ƙware wajen sayar da lissafi da sauƙin kuɗi.

Zoben taba da injin lissafi

Tadao Kashio, babban wa a gidan, an haife shi a 1917. Tun yana yaro ya shiga koyon aikin feƙe ƙarfe da inji. A watan Afrilun 1946, watanni kaɗan bayan Japan ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu, ya buɗe ɗan ƙaramin wurin aiki a Mitaka da ke yankin Tokiyo, yana karɓar kwangilar ƙananan sassan injuna daga wasu kamfanoni. Ƙanensa Toshio, wanda ya san harkar lantarki daga aikin da ya yi a ma'aikatar sadarwa, ya ajiye aikin gwamnati ya zo ya same shi.

Abin da ya fara kawo musu kuɗi zobe ne. Zobe ne na ƙarfe da aka yi wa ɗan bututu a sama, inda ake soke karan sigari. A lokacin talauci ya yi wa Japan katutu, sigari kuma ba ta da audugar gindi, don haka mai shan taba yana so ya zuƙe ta har ƙarshe ba tare da ta ƙona masa yatsa ba, ma'aikaci kuma yana so hannuwansa biyu su ci gaba da aiki. Zoben ya karɓu sosai. Ribar da aka samu ita ce jarin duk abin da ya biyo baya.

A 1949 suka je wani baje kolin kayan ofis a unguwar Ginza, suka ga injunan lissafi na ƙasashen waje masu aiki da mota da haƙoran ƙarfe, ga ƙara ga tsada. Toshio ya ƙudurta cewa za a iya yin lissafi da lantarki zalla, ba tare da wani haƙori ya juya ba. Sauran ƙannen biyu, Kazuo da Yukio, suka shigo, aka raba aiki: Tadao na riƙe da kuɗi da shugabanci, Toshio na ƙirƙira, Kazuo na talla da sayarwa, Yukio na kula da masana'anta. Sai a watan Yunin 1957 suka fito da injin da suka kira 14-A, a watan ne kuma aka kafa kamfanin da sunan Casio, mahaifinsu Shigeru ya zama shugabansa na farko. Injin girmansa ya kai teburin ofis, nauyinsa kilo 140, farashinsa yen 485,000 a kuɗin Japan. Bankuna da manyan kamfanoni da cibiyoyin bincike ne kawai masu iya saye.

Yaƙin kalkuleta

A nan ne kamfanin ya koyi darasin da ya tafi da shi har cikin agogo. A 1964 kamfanin Sharp ya fito da kalkuleta mai aiki da tiransisto, wato 'yan ƙananan makunnan lantarki, wadda ta fi ta Casio sauri da ƙanƙanta. Kayan Casio suka yi kwantai a sito. Dole suka juya da gaggawa, a 1965 suka fitar da tasu mai suna 001. Daga nan aka shiga abin da Japanawa ke kira yaƙin kalkuleta. Kamfanoni da dama suka afka cikin harkar, kowa na rage girma yana rage farashi, wanda ya yi jinkiri kaɗan sai ya tarar an bar shi da kayan da ba mai so.

A 1972 Casio ya yi wani abu da ya nuna halinsa ƙarara. Maimakon ya ƙara wa kalkuleta ayyuka, sai ya zauna ya duba abin da magidanci ko ƙaramin ɗan kasuwa yake buƙata da gaske. Aka rage lambobin fuska zuwa shida, aka cire ɗigon ɓangare, wato desimal, aka sa mata ƙananan batura, aka kai ta shagunan sayar da littattafai da alƙaluma maimakon dillalan injunan ofis. Sunanta Casio Mini, farashinta yen 12,800, kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da sauran ke sayarwa. Cikin wata goma aka sayar da miliyan ɗaya. Kamfanoni da yawa suka tattara nasu-ya-nasu suka bar fagen, aka bar Casio da Sharp a gaba.

Tsarin ke nan: cire duk abin da ba dole ba, tara aikin duka a cikin ɗan guntun ƙwaƙwalwar lantarki guda, buga kayan da yawan gaske har farashin kowane ɗaya ya faɗi, sannan a sayar a inda talaka yake sayayya. Ɗalibanmu da ke amfani da kalkuletar Casio fx-82 ko fx-991 jikokin wannan tsari suke riƙe da su.

Abin da kwatz ya canza

Kafin a gane abin da Casio ya yi wa agogo, sai an san yadda agogo yake kafin zuwansa. Agogon gargajiya inji ne ƙarami. Ana murɗa shi, wani siririn sifirin ya naɗe, ya riƙa saki a hankali yana tura haƙora, wata 'yar ƙafa mai lilo kuma tana bugawa sau biyar zuwa takwas a daƙiƙa don daidaita tafiyar. Sassansa sun haura ɗari, wasu sai da gilashin ƙara girma ake ganinsu, kuma sai gwani ya haɗa, ya sa mai, ya saita. Tsadarsa ladan wannan hannu ne. Ƙasar Suwizalan ta yi ɗaruruwan shekaru tana tara irin waɗannan gwanaye, shi ya sa kasuwar duniya take hannunta.

Agogon kwatz wata hanya ya bi. Kwatz wani dutse ne mai sheƙi wanda idan lantarki ya ratsa shi yakan yi karkarwa da adadi tsayayye. Ana yanka shi ƙanƙani, mai baki biyu, yadda zai yi karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya. Ba da ka aka zaɓi wannan adadi ba. Idan ka raba shi biyu, ka sake raba amsar biyu, ka yi ta yi har sau 15, za ka dawo kan ɗaya cif. To raba lamba biyu shi ne aiki mafi sauƙi ga ƙwaƙwalwar lantarki. Saboda haka dutse na karkarwa, ƙwaƙwalwa na rabawa, duk daƙiƙa sai ta fitar da bugu ɗaya. Abin da ya rage shi ne a riƙa ƙirga bugun: sittin minti ɗaya, sittin na wannan awa ɗaya.

Seiko ne ya fara kai irin wannan agogo kasuwa, ranar 25 ga Disamban 1969. Sunansa Astron, jikinsa zinariya, farashinsa yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin. A Amurka kuma, a 1972, kamfanin Hamilton ya fito da Pulsar mai nuna lokaci da jajayen lambobi masu haske, a kan dala 2,100, kuma saboda cin batir sai an danna maɓalli kafin lambobin su bayyana. Fasahar ta samu, amma kayan attajirai ce.

Toshio Kashio da ya dubi lamarin, abin da ya gani shi ne kalkuleta mai tara ɗaya a kan ɗaya ba tsayawa. Idan haka ne kuwa, ai gonarsu ce. Agogonsu na farko, Casiotron, ya zo da fuska irin ta kalkuleta mai baƙaƙen lambobi da ba sa cin batir, ya kuma zo da abin da ya ba mutane mamaki: ya san watan da ke da kwana 30 da mai 31, ba sai mai shi ya gyara kwanan wata da hannu ba. Ga maƙerin agogon inji wannan aiki ne mai wuya da tsada. Ga mai kalkuleta kuwa ɗan ƙarin lissafi ne. Farashinsa yen 58,000, wato shi ma bai sauko hannun talaka ba tukuna. Saukowar ta zo ne a ƙarshen shekarun 1970, da kamfanin ya koma zuba jikin agogo da roba mai ƙarfi maimakon sassaƙa shi daga ƙarfe. Roba ana narka ta ne a zuba a mazubi, dubbai su fito iri ɗaya, babu gogewa babu feƙewa.

Abin da wannan guguwa ta yi wa Suwizalan ba ƙarami ba ne, ko da yake ba Casio kaɗai ya jawo ba, akwai Seiko da Citizen da masana'antun Hong Kong. Ma'aikatan agogo a ƙasar sun kai kusan 90,000 a 1970, kafin ƙarshen shekarun 1980 sun koma kusan kashi ɗaya bisa uku na haka, kamfanoni kusan dubu suka rufe. Garuruwa ne sukutum da suka dogara da sana'a ɗaya, kuma ba daidai ba ne a ba da labarin araha a manta da waɗanda suka rasa abincinsu a dalilinta. Abin da ya taimaka wajen ceto masana'antar ƙasar shi ne Swatch da ya fito a 1983, shi ma agogon roba ne mai kwatz mai sauƙin kuɗi.

Da Casio ya samu gindin zama, sai ya yi ta cusa wa agogo duk abin da ƙwaƙwalwar lantarki za ta iya ɗauka. A 1980 ya fitar da C-80 mai kalkuleta a fuskarsa, da maɓallan da ake dannawa da yatsa. A 1984 aka samu Databank mai ajiye lambobin waya. Daga baya aka yi masu auna zafi, masu auna tsawon dutse, masu canza tashar talabijin, har da masu nuna alƙibla da lokutan sallah don kasuwar ƙasashen Musulmi. Da yawansu sun zo sun wuce. Biyu ne suka zama ginshiƙan gidan.

Agogon da aka yi ta jefowa ta taga

Na farko shi ne G-Shock. Wani matashin injiniya a kamfanin, Kikuo Ibe, yana da agogon da mahaifinsa ya ba shi. Wata rana ya faɗi ƙasa ya tarwatse. A 1981 ya rubuta wa shugabanninsa shawara mai layi ɗaya, cewa a yi agogon da ko ya faɗi ba zai fashe ba. Aka ba shi izini da abokan aiki biyu. Burinsu goma uku ne: ya jure faɗowa daga mita 10, ya jure matsin ruwa na ma'auni 10, wato zurfin kusan mita 100, batirinsa kuma ya yi shekara 10.

Wurin gwajinsu tagar banɗaki ce a hawa na uku na cibiyar binciken kamfanin da ke Hamura. Ibe ya jefo samfuri, ya sauka ta matakala ya ɗauko, ya buɗe ya ga abin da ya karye. Ya ƙarfafa wannan, gobe wani ya karye. Samfura sama da 200 suka tafi a haka. Mafitar ta zo masa ne a wani lambun shaƙatawa, inda ya ga wata yarinya tana buga ƙwallon roba a ƙasa. Ya lura cewa bayan ƙwallon ne ke shan duka, tsakiyarta ba abin da ke taɓa ta. Sai ya daina ƙoƙarin ƙarfafa kowane sashi, ya sa injin agogon ya zauna kusan a rataye a cikin jikinsa, yana taɓa bango a 'yan wurare kaɗan ta kan roba mai laushi. A watan Afrilun 1983 aka fitar da G-Shock na farko, DW-5000C.

A Japan bai yi kasuwa ba da farko, domin yayin siraran agogo ake yi, shi kuwa ga kauri. A Amurka ne aka yi wani talla inda ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara ya maka masa sanda a maimakon ƙwallon wasan. Aka zargi kamfanin da tallan ƙarya, wani shirin talabijin ya maimaita gwajin a gaban jama'a, agogo ya fito yana aiki. Daga nan 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da sojoji da leburorin gini suka karɓe shi, matasa suka biyo baya, sannan yayin ya koma gida Japan a shekarun 1990. Zuwa 2017 an fitar da G-Shock miliyan 100.

F-91W

Na biyun shi ne wanda ya fi kwanta min a rai, domin shi ne ainihin agogon talaka. A 1989 aka fito da F-91W, zanen Ryusuke Moriai. Kusan kowa ya taɓa ganinsa ko bai san sunansa ba: baƙi, siriri, mai kusurwa, da shuɗin layi kewaye da fuska, maɓalli biyu a hagu ɗaya a dama. Nauyinsa giram 21, har mutum kan manta yana ɗaure da shi. Yana nuna awa da minti da daƙiƙa, da rana da kwanan wata. Yana da ƙararrawa guda, da ɗan ƙara duk awa ga mai so, da ma'aunin gudu, da 'yar koriyar fitila a gefe wadda, gaskiya, haskenta bai taka kara ya karya ba. Batirinsa ƙwaya ɗaya, CR2016, kamfanin ya ce zai yi shekara bakwai.

Kuskurensa bai wuce daƙiƙa 30 a wata ba, wato kamar daƙiƙa ɗaya a rana. A kwatanta da wannan: agogon inji na Suwizalan da ya ci jarrabawar daidaito ta ƙasar, irin wanda ake saya da dubban daloli, an yarda ya yi jinkirin daƙiƙa 4 ko gaggawar daƙiƙa 6 a rana. Ma'ana, ta fuskar faɗin lokaci kawai, agogon da ya yi shekaru ana sayar da shi ƙasa da dala 20 ya fi shi. Mai sayen na Suwizalan aikin hannu yake saye da ado da suna, kuma wannan haƙƙinsa ne. Amma wanda lokaci kawai yake nema, an riga an biya masa buƙata.

Akwai inda aka yi tsimi, kuma ba a ɓoye ba. Agogon bai san shekara ba, don haka kullum Fabrairu kwana 28 ne a wurinsa. Duk shekara huɗu sai mai shi ya gyara da hannu. Ruwan da yake jurewa na alwala ne da wanke hannu da yayyafi, ba na nutso ba, kuma ba a son danna maɓallansa a cikin ruwa. Madaurinsa na roba yakan bushe ya tsage, musamman a zafi irin namu, sau da yawa tun batir bai mutu ba.

Babban sirrin arahar tasa, a fahimtata, shi ne an ƙyale shi yadda yake. Fiye da shekara talatin ke nan siffarsa ba ta canza ba. Kuɗin zane da na mazubi da na injunan haɗawa an daɗe da fanshe su, ga shi ana buga shi da yawan da ya kai kusan miliyan uku a shekara, kamar yadda aka ruwaito a 2011. Kamfanoni da yawa ba sa iya wannan haƙuri. Sai sun sake fasali duk shekara don a ce sabo ne, mai saye kuma shi ke biyan kuɗin sabuntar.

Yawansa a duniya ya taɓa jawo wa wasu bayin Allah bala'i. A 2011 aka fallasa takardun sirri na gidan yarin Guantanamo, aka ga cewa jami'an Amurka sun ɗauki mallakar F-91W, da ɗan'uwansa mai launin azurfa A159W, a matsayin alamar cewa mutum ya sami horon haɗa bam a hannun Alƙa'ida, saboda an taɓa amfani da irinsa wajen saita lokacin fashewa. An rubuta agogon a cikin hujjojin ci gaba da tsare mutane da dama. Wasu daga cikinsu sun bayyana cewa don sanin lokacin sallah suke ɗaura shi. Agogon da miliyoyin mutane ke ɗaure da shi, daga ɗalibi zuwa direba zuwa sojan Amurkan kansa, ba zai zama shaidar laifin kowa ba, kuma abin takaici ne a ce an tsare ɗan Adam da irin wannan hujja.

A kasuwanninmu

A wajenmu, kafin wayar hannu ta game gari, agogo yana cikin tsarabar da ake sa rai daga alhazai, su Seiko da Rado da Orient ga manya, Casio kuma ga samari da 'yan makaranta. Ƙararrawarsa ta tashi mutane da yawa sahur da asuba. Matsalar da ta fi damun mai saye a yau ita ce jabu, wanda ya cika tebura. Akwai gwaji mai sauƙi ga F-91W: a danna maɓallin dama a riƙe na daƙiƙa uku, idan na asali ne sunan kamfanin zai bayyana a fuskar. Sai dai gwajin ba yankan shakku ba ne, domin tsofaffin na asali ba su da wannan, wasu masu jabun kuma sun kwaikwaya. Abin da ya fi tona asirin jabu shi ne 'yan makonni: zai fara gudu ko jinkiri da mintuna, lambobinsa su dushe idan an karkata shi.

Sana'ar gyaran agogo ma ta canza. Mai gyaran da a da yake saka gilashi a ido yana wanke haƙora ɗaya bayan ɗaya, yau yawancin aikinsa canza batir ne da madauri. Ya kwance sukuru huɗun da ke bayan agogon, ya ɗaga farantin ƙarfe, ya lallaɓa zoben robar da ke hana ruwa shiga don kada ya tsinke, ya sa sabon batir, sannan ya ɗauki hantsaki ya haɗa wani ɗan ɗigo da aka rubuta wa AC da bayan batirin, don ƙwaƙwalwar ta farfaɗo daga farko. Wanda bai san wannan mataki na ƙarshe ba yakan ce agogon ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau.

Su kuwa 'yan'uwan da suka kafa gidan, Tadao ya rasu a 1993, Toshio a 2012, Kazuo a 2018 bayan ya miƙa ragamar kamfanin ga ɗansa Kazuhiro a 2015. Wayar hannu ta cinye kasuwanni da yawa da kamfanin ya taɓa ci, har ta kai shi ga daina yin ƙananan kyamarori a 2018. Agogo ne yanzu ke kawo fiye da rabin kuɗin shigarsa, kuma ƙarfinsa ya fi karkata ga masu tsada: G-Shock na ƙarfe da ake haɗawa a masana'antarsa ta Yamagata a arewacin Japan, har da wani na zinariya da aka yi guda 35 kacal a 2019, kowanne a kan yen miliyan 7.7. Masu arahar kuma a masana'antunsa na Tailan da Sin ake buga yawancinsu, kuma har yanzu kamfanin bai janye su daga kasuwa ba.